Kurumta mai tsanani: a yi dashe, a maƙala na'ura, ko a kama maganar hannu?

Iyayen da likitan kunne da hanci da maƙogwaro (ORL) ya miƙa wa takardar awo ya ce ɗansu ba ya ji, ko magidancin da ya tashi daga jinyar sanƙarau kunnuwa a rufe, sukan fito daga asibiti da sunayen na'urori uku ko huɗu, mafi yawansu farashin miliyoyi. Daga nan shawara sai ta yi yawa. Wani ya ce a tafi Tunisiya, wani ya ce ya ga wata na'ura a kasuwa jika goma, kaka kuma ta ce: "Ku ƙyale mini jika, ubansa ma bai yi magana da wuri ba." Wannan rubutu na mai irin wannan ruɗani ne, musamman mazaunin Tahoua ko wani gari mai nisa da Yamai, domin nisan ma yana cikin lissafi.

Hanyoyin biyar ne: na'urar maƙalawa mai ƙarfi, dashen katantanwar kunne, na'urar da ake kafawa a ƙashin kai, dashen gindin ƙwaƙwalwa, da maganar hannu. Uku na tsakiya ne ake yi wa tiyata. Na farko da na ƙarshe na sa su ne don da wuya a yanke hukunci a kan dashe ba tare da an ɗora shi kusa da su ba.

Abin da za a auna

Da farko a san inda ɓarnar take. Sauti yana shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wani ɗan ƙashi murɗaɗɗe, katantanwar kunne. A cikinta akwai ƙwayoyi masu siraran gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da girgiza saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Wani hanya ce ta toshe masa, wato rami ko dodo ko ƙasusuwan, katantanwa kuwa lafiya lau. Wani ƙwayoyin gashin ne suka mutu, ba sa kuma sake tohowa, kuma mafi yawan kurumta mai tsanani daga nan take. Wani jijiyar ce babu ko ta lalace. Kowace na'ura don ɗaya daga cikin ukun nan aka ƙera ta. Duk wanda ya ce muku ga wadda ta fi kyau alhali bai ga sakamakon awo da hotunan cikin kai na sikana da na IRM ba, talla yake yi.

Sai tsananin abin. Da desibel ake auna shi, wato ƙarfin da sauti zai kai kafin mutum ya fara jinsa. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2021 ta fara ƙirga mataki mai tsananin daga desibel 80, likitoci da yawa kuma daga 90 suke ƙirgawa, a takarda su rubuta surdité profonde. Mai wannan mataki ko ihu aka yi kusa da kunnensa ba zai rarrabe kalmomi ba.

Awon gida ba abin dogaro ba ne. Uwa takan lallaɓa bayan jariri ta buga murfin tukunya, ya juyo, ta ce alhamdu lillahi yana ji. Sau da yawa inuwarta ya gani, ko iskar motsinta ta taɓa shi, ko girgiza ta zo masa ta tabarma. Kurman yaro ya fi kowa lura da irin waɗannan. Awon da ke faɗin gaskiya ga jariri shi ne wanda ake rubutawa PEA: a manna masa ƴan wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, na'ura ta nuna ko saƙo yana wucewa.

Na uku, kuma a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne lokaci. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon fassara sauti ne a shekarun farko. Wanda aka haifa kurma, in aka yi masa dashe kafin ya cika shekara 2, yana da babban rabo na iya magana. Har zuwa shekara 3 da rabi akwai sauran dama mai kyau. Bayan shekara 7, yaron da bai taɓa ji ba zai iya jin ƙara da na'ura, amma da wuya ƙarar ta zama masa magana. Baligin da ya riga ya iya magana kafin ya kurumce shi ba a wannan layi yake ba, ƙwaƙwalwarsa ta san sauti, tunatarwa take buƙata.

Sanƙarau yana da nasa hukunci, kuma mu a Nijar muna tsakiyar yankin da yake ɓarkewa duk lokacin zafi. A annobar 2015 mutum fiye da 8,000 suka kamu, Yamai na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Cutar takan bar kumburi a cikin katantanwa, ramin da ruwa ke ciki ya fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin ƴan makonni. In ya cike, babu inda za a zura wayar dashe. Saboda haka duk wanda ya warke daga sanƙarau, yaro ko babba, a auna jinsa da zarar an sallame shi, kada a ce sai ya murmure.

Ragowar ma'aunai uku su ne: kuɗi, na shekara goma ba na ranar aiki kaɗai ba, wanda zai riƙa saita na'urar da gyara ta, da nisan da ke tsakaninku, sai haɗarin aikin.

Na'urar maƙalawa mai ƙarfi

Ita ce ake rataya wa bayan kunne, ɗan bututu ya shiga wata roba da aka ƙera daidai ramin kunnen mutum. Aikinta ƙara wa sauti ƙarfi. Ba tiyata, ba barcin asibiti (wanda ake sa mutum kafin a yi masa aiki), in ba ta yi ba a cire. A Faransa, tun 2021, an ƙayyade farashin na'urorin rukunin farko, wato masu sauƙin kuɗi, na manya kada ya wuce yuro 950 a kunne ɗaya, wato wajen sefa 623,000. Wannan ya ba ku ma'auni, ko da yake akwai masu rahusa da masu tsada fiye da haka. Takan yi kamar shekara 5 in an kula da ita.

Ga jariri akwai ɗawainiyar da ba a cika faɗa ba. Kunnensa yana girma, robar ta yi sako-sako, sauti ya riƙa tserewa yana komawa makirfo, na'urar ta kama fito. Duk bayan ƴan watanni sai an koma an sake ɗaukar zubin kunne.

Iyakarta kuwa a fili take. Ƙara ƙarfi yana amfani ne in akwai sauran ƙwayoyin gashi da za su karɓa. Mai desibel 70 ko 80 yakan ji magana da ita sosai. Wanda ya haura 90 zai iya jin ganga, ko hon ɗin mota, ko amon kiran salla, amma siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "f", waɗanda ke raba kalma da kalma, sukan ɓace masa. Duk da haka likitoci sukan nemi a gwada ta wata 3 zuwa 6 kafin a yi maganar dashe, sai dai ga mai sanƙarau da ba shi da lokacin jira. Gwajin ba ɓata lokaci ba ne, yana sa jijiya ta ci gaba da aiki.

Waccan ta kasuwa ta jika goma ba na'urar ji ba ce, amsa-kuwwa ce ƙarama. Komai take ƙarawa bai-ɗaya, ba a saita ta da awon kowa ba, tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Kada a sa wa yaro.

Dashen katantanwar kunne

Shi ne likita zai rubuta implant cochléaire, kuma shi ne aka ƙera musamman don kurumta mai tsanani. Ba ya ƙara sauti, tsallake matattun ƙwayoyin yake yi ya taɓa jijiyar kai tsaye da lantarki. André Djourno da Charles Eyriès ne suka fara gwada haka a Paris a 1957. Mai tashoshi da yawa, irin wanda ake sawa yau, ya fito daga hannun Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977, da Graeme Clark a Melbon ta Ostareliya a 1978. Ba sabon abu ba ne, an daɗe ana ganin abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Kashi biyu ne. Na ciki ana binne shi ƙarƙashin fata a bayan kunne, da wata siririyar waya da ake zurawa cikin katantanwa. Na waje shi ne mai makirfo da batir da ƴar kwamfuta, yana da wani ɗan faifai da maganaɗisu ke riƙewa a jikin kai daidai saitin na ciki. Ana kai faifan kusa sai ka ji ya kama da kansa. Ana cire shi, shiru ya dawo nan take.

Aikin yakan ɗauki awa 2 zuwa 3, a cikin barcin asibiti. Ba ranar ake kunnawa ba, sai rauni ya warke, mako 2 zuwa 4. Ranar kunnawa ita ce ake yawo da hotunanta a Facebook, uwa na kuka yaro na murmushi. Yara da yawa a ranar tsorata suke yi su fizge abin, wasu kuma ko gezau. Manya suna cewa da farko muryoyi suna fita a sirance, ƙarfe-ƙarfe, ba a gane na wane ne. Dalili kuwa wayar tana da wuraren taɓa jijiya 12 zuwa 22 ne a manyan samfura, a madadin dubban ƙwayoyi. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon cike giɓin cikin watanni. Bayan haka manya da yawa sukan yi hira har da waya, ko da yake hayaniyar kasuwa da kiɗa sukan ci gaba da ba su wuya.

Kuɗi. A Faransa na'urar kaɗai, ciki da waje, tana wajen yuro 20,000 a kunne ɗaya. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kenan sama da miliyan 13, ban da aikin, da kwanciya, da jirgi, da masauki in waje aka fita. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, sefa 42,000 a wata, sai ya tara albashin shekara 26 bai taɓa ko dala ba. Shi ya sa kusan kowa ta hanyar taimako yake samu: gidauniya, ko dangi, ko wata tawagar likitoci. Gidauniyar Lalla Asma ta Maroko, alal misali, ta yi wa yara daga ƙasashen Afirka ta Yamma wannan dashe.

To amma sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa. Kashin ciki an yi shi ya yi shekaru masu yawa, kamfanoni sukan ba shi garantin shekara 10. Na waje kuwa duk shekara 5 zuwa 7 sai an sake, kuma a Faransa kuɗinsa wajen yuro 6,000 ne, kusan miliyan 4. Yaron da aka yi wa dashe yana shekara 2 zai buƙaci sabo sau biyu ko uku kafin ya kai ashirin. Ga ƴar igiyar da ke haɗa faifai da na'ura, wadda yara ke tsinkawa. Ga batir: masu lamba 675 guda biyu sukan yi kwana 2 zuwa 3, kusan 300 kenan a shekara, kuma ba a kowane shago ake samun irin masu ƙarfin ba. Ana ɓare musu ƴar takardar da ke baya, a bar su su sha iska kamar minti ɗaya kafin a sa. Masu caji sun fi sauƙi a aljihu, sai dai suna son wuta kowane dare, gidan da ake yawan ɗauke wa wuta ya tanadi ƙaramin sola da batir biyu.

Yanayinmu ma ba ya raga mata. A watan Afrilu da Mayu zafin Tahoua yana haura digiri 40, gumi yana gangarowa daidai inda na'urar ke zaune. Da hunturu ƙura ce ke toshe makirfo. Kowane dare sai an goge ta an sa a cikin ɗan akwatin busarwa. Wajen alwala a cire kafin shafar kunne. Mace mai hijabi za ta ji ƙarar yadin yana gogar makirfo, sai ta nemi yadi mara kauri ko a gyara mata saiti. Ɗan da aka yi wa dashe kuma ya haƙura da kokowa da dambe, wanda ga yaron Adar ba ƙaramin haƙuri ba ne, domin bugu a daidai wurin yana iya lalata na ciki.

Sai saiti, inda dashe da yawa ke mutuwa a tsaye. Kowane wurin taɓawa sai an auna masa ƙarfin lantarkin da mutum zai ji ba tare da ya cutu ba, da kwamfuta da manhajar kamfanin. A shekarar farko ana komawa sau da yawa, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara. Daga Tahoua zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso ya fi kilomita 500, yini guda a mota da ƙaramin yaro. In mai saitin ma ba a Yamai yake ba, sai Kazabalanka ko Tunis, kowace komawa tikitin jirgi ce. Bayan saiti akwai koyon sauraro da magana wurin ortofonis, wato ƙwararren mai koyar da magana, aikin shekaru, wanda mafi yawansa a tsakar gida ake yinsa: uwa tana magana da yaro tana wanka, tana tuƙa tuwo, tana kiran sunan kowane abu. Shawarata ta yi masa da harshen da ta fi iyawa. Hausa mai yawa ta fi masa Faransanci tsinto-tsinto. A dai sani cewa na'urar ba ta cika isar da hawa da saukar murya ba, Hausa kuwa tana rarrabe ma'ana da su, don haka wannan ɓangaren yakan ɗan jinkirta.

Game da kamfani: manyan su ne Cochlear na Ostareliya, MED-EL na Ostiriya, Advanced Bionics na Amurka, sai Nurotron na Sin da ya fi rahusa. Ba na ganin hikimar ɓata dare wajen gwada yawan wuraren taɓawa, 22 na Cochlear da 16 na Advanced Bionics da 12 na MED-EL, domin kowanne akwai dubban masu ji da shi lafiya. Kuma babu wanda bai taɓa tuntuɓe ba: Cochlear ya janye wani samfuri a 2011, Advanced Bionics a 2010 da 2020. Abin da ya kamata ya hana ku barci shi ne, na wajen wani kamfani ba ya aiki da na cikin wani. Wanda aka binne a kan yaronku, da shi za ku zauna. Ku zaɓi wanda wakilinsa da kayan gyaransa suka fi kusa.

Haɗarin aikin ba shi da yawa a hannun gwani, amma akwai shi. Jijiyar da ke motsa fuska tana wucewa dab da inda ake haƙawa, taɓa ta na iya karkatar da baki, ko da yake da wuya hakan ke faruwa. Akwai jiri na ƴan kwanaki, canjin ɗanɗano, ciwon rauni, da yiwuwar rasa ɗan jin da ya rage a kunnen. Mai dashe ya fi sauran mutane saurin kamuwa da sanƙarau na ƙwayar nimoniya, shi ya sa ake yi masa rigakafi kafin aiki, kuma ciwon kunne a wurinsa ba na jira ba ne. Kafin a shiga da shi IRM dole a nuna katin na'urar.

Na'urar ƙashin kai

Anders Tjellström ya fara ta a Suwidin a 1977. Ana kafa ɗan ƙarfen titaniyom a ƙashin bayan kunne, na'ura ta girgiza ƙashin, girgizar ta isa katantanwa ba ta bi ta rami ba. Sharaɗinta a nan yake: sai katantanwa tana aiki. Tana yi wa wanda aka haifa ba ramin kunne, da wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya har ba ya iya riƙe roba, da mai kunne ɗaya matacce ɗaya lafiyayye. Ga mai kurumta mai tsanani a kunne biyu ba ta da wani amfani, na kawo ta ne don ana yawan rikita ta da dashen katantanwa tunda duka bayan kunne ake ganinsu.

Aikinta gajere ne, haɗarinsa kaɗan, kuɗinta miliyoyi ne amma ƙasa da na katantanwa. Irin da ƙarfen ke leƙowa ta fata yana son wanki kullum, a ƙasar ƙura da gumi wurin yakan yi ja ya yi ruwa. Mai maganaɗisu, wanda fata ke rufewa, ya fi dacewa da mu. Yaro ƙasa da shekara 5 ba a kafa masa, ana ɗaura masa na'urar da madaurin kai. Wannan madauri dama ce: kowa na iya gwadawa ya ji kafin a taɓa shi da wuƙa. Mai zubar mugunya kuma ya fara tambaya ko magani da ɗinkin dodon kunne za su wadatar.

Dashen gindin ƙwaƙwalwa

Wannan na wanda jijiyar jinsa babu ce, ko ƙari ya cinye ta, ko katantanwa ta cike da ƙashi ƙaf. William House da William Hitselberger suka fara shi a Los Anjeles a 1979. Tiyatar ƙwaƙwalwa ce, cibiyoyi ƙalilan ke yi, ta fi kowacce tsada da haɗari. Abin da aka fi samu shi ne jin ƙarar ƙofa da mota da taimako wajen karanta leɓe. Masu kaiwa ga gane magana da kunne kaɗai ba su da yawa.

Maganar hannu

Iyaye da yawa suna jin wannan kamar an ce su sallama. Tsoronsu a fahimce yake, sun ga kurame suna bara a bakin tasha. Amma abin da ya kai waɗancan can rashin makaranta ne da rashin sana'a. Maganar hannu cikakken harshe ne mai nahawunsa. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun da daɗewa, makarantu kuma suna koyar da wadda ta samo tushe daga ta Amurka. Akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ a Yamai, akwai a Maraɗi da Damagaram. Ba ta cin batir, ba ta jin gumi. Tsadarta ita ce sai gida duka ya koya, in ba haka ba yaro ya zama baƙo a ɗakin uwarsa.

Ni ba na ɗaukarta kishiyar dashe. Yaron da ke jiran a haɗa miliyan 13 yana buƙatar harshe a yau, kuma wanda ya riga ya san cewa kowane abu yana da suna ya fi saurin kama magana in an kunna masa na'ura. Ko bayan dashe, wajen wanka da barci da ranar da igiya ta tsinke ana jiran wata daga waje, kurma ne.

| Hanya | Wanda ta dace da shi | Kuɗi | Daɗewa | Ɗawainiya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Maƙalawa | Mai sauran ji | Ɗaruruwan dubbai | Kamar shekara 5 | Roba, batir, saiti jefi-jefi | Kusan babu |
| Dashen katantanwa | Katantanwa ta mutu, jijiya na nan | Sama da miliyan 13, da sabuntawa | Ciki shekaru masu yawa, waje 5 zuwa 7 | Mai yawa, ta shekaru | Matsakaici |
| Ƙashin kai | Hanya ta toshe, katantanwa lafiya | Miliyoyi, ƙasa da na sama | Na waje ana sakewa | Tsaftar fata, batir | Kaɗan |
| Gindin ƙwaƙwalwa | Babu jijiya | Mafi tsada | Kamar na katantanwa | Mai yawa ƙwarai | Babba |
| Maganar hannu | Kowane kurma | Kuɗin makaranta | Har abada | Gida ya koya | Babu |

Wa ya ɗauki wanne

Jariri ko yaro ƙasa da shekara 3 da aka haifa kurma, jijiya na nan: a maƙala na'ura yanzu, a fara maganar hannu yanzu, a shiga neman dashen katantanwa ba tare da jiran ko zai yi magana da kansa ba. In kuɗi na kunne ɗaya ne, a yi ɗaya, a bar na'urar maƙalawa a ɗayan in tana taimakawa.

Wanda sanƙarau ya kurumtar, ko shekararsa nawa: sikana da IRM cikin gaggawa, kuma a gaya wa duk wanda ake neman taimakonsa cewa makonni ake ƙirgawa.

Baligi ko dattijon da ya iya magana kafin ya rasa ji, ta ciwo ko ta allurai masu taɓa kunne irin su jantamisin: in na'urar maƙalawa mai kyau ta kasa, shi ne ya fi kowa saurin cin moriyar dashe, kuma yana iya kula da kayansa da kansa. Tsufa kaɗai ba ya hanawa in jiki zai ɗauki barcin asibiti.

Ɗan shekara 8 ko 10 da bai taɓa ji ba: miliyoyin nan sun fi amfani a makarantar kurame da koyon sana'a. Na san wannan ba ya daɗin ji.

Mai toshewar hanya ko kunne ɗaya: ya gwada madaurin kai tukuna, ya manta da dashen katantanwa sai in likita ya kawo wani dalili.

Sai gidan da aka yi wa albishir da dashe kyauta. Kafin uba ya sa hannu, ya tambayi masu bayarwa, a rubuce: wane kamfani ne, wa zai yi saiti kuma a wane gari, sau nawa a shekarar farko, wa zai biya mota ko jirgi, garantin na waje shekara nawa ne, ina ake sayen igiya da batir kuma nawa, wa zai sayi sabon na waje bayan shekara 5, kuma wane ortofonis ne zai karɓi yaron. In amsar saiti da ta igiya ba su fito ba, ya nemi a haɗa shi da gidan da aka yi wa irin wannan aiki shekara uku da suka wuce, ya je ya ga ko na'urar tana kan yaron ko tana cikin akwati.